Sunan da Na Faɗa a Kankiya

Ina da ɗa wanda sau ɗaya tak na taɓa kiran sunansa, kuma wannan sau ɗayan a gaban jama'a na yi shi, da iya ƙarfina, a wani ɗakin taro a Kankiya, yara suna ɗauka da waya. Ko yanzu da nake rubutawa kunnuwana zafi suke yi.

Shi ne ɗana na fari. A wajenmu, a Mawashi, mace ba ta faɗin sunan ɗan farinta. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya yi tuntuɓe ya faɗi ba ita ce mai rugawa ta ɗaga shi ba. Na san 'yan matan yanzu sun watsar da wannan, sai ka ga yarinya ta ɗora hoton jaririnta a waya tun ba a yi suna ba, har da yi masa kirari a ƙasa. Allah ya ba su lafiya. Ni dai haka na ga uwata ta yi wa yayanmu, haka kuma na yi, ban taɓa jin wani ya ce na yi laifi ba. Yabona ma ake yi, ana cewa surukar gidan Malam akwai kunya. Sannan nawa ya zo da ƙari, domin sunan surukina aka sa wa yaron, wato mahaifin maigidana, tsohon da duk garin ke ce wa Malam, wanda rabin dattawan unguwarmu a gabansa suka yi karatu. Sunan suruki kuwa ko a bakin bare na ji shi sai na sunkuyar da kai. A gida ana ce wa yaron Mai-sunan-Malam. Ni ko wannan ba ya fita daga bakina, sai dai in ce "yaron nan", kowa kuma ya san wanda nake nufi.

Da aka yaye shi sai uwar mijina ta ɗauke shi, ya koma ɗakinta, wanda bango ɗaya ne ya raba shi da nawa. Ita yake ce wa Inna. Ni kuwa Yaya yake ce mini, don haka ya ji ƙannen ubansa suna kirana. Ƙannensa da na haifa daga baya Umma suke ce mini, suna hawa jikina, suna ƙwace mini abu a hannu, shi yana can gefe yana kallo. Abin bai dame ni ba a lokacin, saboda yana da Inna, Inna kuwa wajen yabo ta ishi mutum goma. Ya gyara mata tocila kawai sai duk unguwa ta ji. Ta fito tsakar gida tana haska idon mutane da rana tsaka, tana cewa, "Ku taho ku ga abin da maigidana ya yi mani!" irin wasan nan na kaka da jika. Ni ina ɗaki ina jin daɗi a ɓoye, wata na yi mini aikina.

Inna ta rasu yana ajin kusa da na ƙarshe a sakandare. Ya ci gaba da kwana a ɗakinta shi kaɗai. Da ma ba mai yawan magana ba ne, yana da 'yar in'ina da ke taso masa in ya tsorata ko ransa ya ɓaci, to sai ya ƙara yin shiru. Akwai abin da na lura da shi ban gaya wa kowa ba. In ya dawo daga makaranta da wani abin farin ciki, sai ya shigo da sauri, ya kai tsakar gida, ya tsaya cak kamar wanda ya manta abin da ya kawo shi, sannan ya wuce ɗaki a hankali. Ni ina bakin murhu ina ganinsa ta gefen ido. Ubansa kuwa yana tsakanin Islamiyya da gona, kuma a wajensa ma yaron ɗan fari ne, mai sunan mahaifinsa, iyakar abin da ke tsakaninsu "Allah shi yi albarka".

A wannan shekarar ne malamin kimiyya na makarantarsu a Kusada ya zaɓi wasu 'yan kaɗan daga cikinsu, ya ce za a yi gasar ƙera robot, wato na'ura mai aiki da kanta, a Kankiya tsakanin makarantun yankin, kuma yaron nan ne shugaban tasu ƙungiyar. Masu shirya gasar sun ba kowace makaranta wani ɗan allo mai kama da kayan cikin rediyo, wanda yaran ke ce wa ƙwaƙwalwa, da wasu 'yan ƙananan idanu. Sauran kuwa, taya da moton da zai juya ta da batir da gangar jiki, kowa ya je ya nemo. Aikin da ake so abin ya yi shi ne ya bi baƙin layi a kan farin katako shi kaɗai, ba mai tura shi, ya je ya ɗauki gwangwanin tumatir ya jefa a kwando. Da na ji haka na ce a raina, aikin da autata za ta yi kafin ka ƙifta ido shi ne samari suka taru a kai suna gumi. Duk wannan ba daga bakinsa na ji ba. Ta bango na ji, don a ɗakin Inna suka kafa wurin aikinsu.

Bayan la'asar suke taruwa, da Asabar da Lahadi kuma tun hantsi. Akwai wani abokinsa da ke zuwa daga Yashe a kan keke, yaro mai bakin tsiya, shi kaɗai yakan yi maganar mutum huɗu, ta bakinsa nake samun yawancin labarin. Malamin yakan leƙo da kwamfuta a jaka, su jona waya su yi ta gaya wa ƙwaƙwalwar abin da za ta yi, ita kuma ta yi ta yin abin da ta ga dama. Ba su da abin liƙe waya na lantarki, ko da suna da shi wutar ba zama take ba, sai suka ɗaure babbar ƙusa a jikin itace, suna tura ta cikin garwashi ta yi ja su narka dalma da ita. Garwashin kuwa nawa ne. Bai taɓa cewa Yaya a ba ni wuta ba, ni ma ban taɓa cewa ga wuta ba. Sai dai na zama mai yawan mantuwa. Kullum in na sauke tukunya sai in manta ban kashe garwashi ba, in kuma manta kurfotin gawayin daidai ƙofar ɗakin Inna. Maigida har faɗa ya yi a kan yadda gawayi ke saurin ƙarewa, na ce masa gawayin bana ba shi da auki.

Ana tsakiyar bazara aikinsu ya cije. Moton da suka ciro daga motar wasan yara ba shi da ƙarfi, da abin ya ɗauki gwangwani sai ya tsaya yana kuka, ya kasa gaba. Na ji ɗan Yashe yana cewa, "Wallahi da za mu samu moton fanka mai caji da batirinta, da an gama magana." Kowa ya san fanka mai caji ɗaya ce a gidan, shuɗiya, wadda ƙanena ya kawo mini daga Kano, wadda ko 'ya'yana ban yarda su taɓa ba. Can na ji muryar yaron nan ƙasa-ƙasa.

"A'a. Ta Yaya ce."

Iyakar abin da ya ce ke nan, suka koma wata maganar.

Maigidana yana da ƙanwa, malamar firamare ce a Kankiya, takan zo gida ƙarshen mako. Abokiyar wasata ce, kuma bakinta ba shi da linzami. Da ta zo sai na fito da fankar tsakar gida, na ɗaga murya yadda za a ji a ɗakin Inna, na ce, "Fankar ga ta lalace, ɗauke mani ita ki yar."

Ta danna, fanka ta kama juyi, har ɗankwalinta na kaɗawa.

"Yaya, mi ya lalace a nan? Ga ta tana hura ni."

"Na ce maki ta lalace."

Ta dube ni, ta dubi ƙofar ɗakin Inna, sai ta ƙyalƙyale da dariya. "To, bari in kai bola. Halan dai bolar gidan ga ta koma ɗakin Inna?"

Na jefe ta da mafici. Shi ne kuma maficin da na ƙarasa bazarar da shi, ina gumi ina tsine wa gwangwanin tumatir a raina.

Ba moton da batirin kaɗai ya ɗauka ba. Shuɗin robar jikin fankar ma ya yanka da wuƙa mai zafi, ya goge bakin da dutse har ya yi sumul, ya yi wa abin riga, ya tura duk wayoyin ciki ba ko ɗaya a waje. Tsaftar aiki irin ta Inna ya ɗauko, wadda ko tsumma za ta ajiye sai ta ninke shi. Da aka gama sai abin ya fito kamar kunkuru mai hannu ɗaya, yaran gida kuwa suka sa masa Kunkuru.

Ranar da ya fara bin layi, a tsakar gida aka gwada shi, a kan wani tsohon ƙyaure da suka kwantar suka manna wa baƙin salatif. Duk gidan aka taru har da maƙwabta. Ni na ba su baya ina tsintar shinkafa, shinkafar da na riga na tsince tun da safe. Ta ƙarƙashin hannuna nake kallo. Kunkuru ya tafi a hankali, ya sha kwana, ya tsaya, ya miƙa hannu ya ɗauki gwangwani, ya je ya sake shi a kwando. Yara suka ɗau ihu. Shi kuwa ya ɗaga kai, ya dubi ƙofar ɗakin Inna, sannan ya juyo ya dube ni. Idonmu ya kusa haɗuwa. Na ce, "Wai wa ya bar akuyar can ta shigo?" Babu wata akuya da ta shigo.

Ana jibi gasar ya zo ƙofar ɗakina ya yi sallama. Tun da ya girma bai taɓa yi ba, in yana son abu ƙannensa yake aikowa. Bai ɗaga labule ba, ta bayansa ya yi magana, in'inar tana riƙe shi.

"Yaya, an ce iyaye na iya zuwa."

Na ce, "To, ka hwaɗa ma babanku."

"Na hwaɗa mashi. Shi da Malam za su."

"To madalla. Allah shi ba da sa'a."

Ina ganin ƙafafunsa ta ƙasan labule. Sun daɗe a wurin kafin su juya. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa da wa zan yi fushi, sai na kama autata da faɗa a kan wani kofi da ta ajiye ba daidai ba.

Ranar gasar, bayan maza sun tafi, goggonsa ta shigo ta ce, "Yaya, shirya ki raka ni Kankiya dubiya, asibiti za ni."

"Wa ke kwance?"

"In munka je ma samu wani. Asibiti ba ya rasa mara lahiya."

Na san ƙarya take, ta san na sani. Na ɗauko hijabina mafi girma, mai ruwan toka, na ƙara da takunkumi a fuska, na ce ina mura. Muka fita Kusada muka sami mota, ta sauke mu a bakin titin Kankiya inda motocin Kano da Katsina ke tsayawa, muka taka zuwa wurin gasar. Ɗakin taron ya cika da 'yan makaranta, kowace makaranta da kalar kayanta, ga zafi, ga hayaniya. Na nemi kujerar can ƙarshe cikin mata na zauna na takure. Daga nan ina hango farin rawanin Malam a layin gaba, maigidana na gefensa. Ganin tsufansa ya sa aka ba shi kujerar manya, shi ma aka roƙa ya buɗe taron da addu'a.

Aka fara. Wani robot an yi masa jiki da kwalin taliya, wayoyi sun yi masa cirko-cirko, ya taho da gudu ya wuce gwangwani ya faɗo daga kan tebur. Wani ya tsaya wuri ɗaya yana ta zagaya kansa har aka ɗauke shi. Na wasu 'yan mata ya yi aikin tsaf, sai dai a hankali ƙwarai. Ana dariya, ana tafi. Sai aka kira makarantarsu. Yaron nan ya fito da Kunkuru a hannu, abokansa na biye, ya ajiye shi a kan layi ya danna ya ja baya. Kunkuru ya tafi sumul, ya ɗauka, ya kai, ya jefa. Ɗakin ya kaure da tafi. Ni na cusa bakin hijabi ta ƙasan takunkumi na cije.

Tafin bai gama mutuwa ba wani malami daga wata makaranta ya miƙe ya ɗaga hannu. Ya ce a yi masa afuwa, amma wannan ba aikin ɗalibai ba ne. A dubi jikinsa, a dubi yadda ba ko waya ɗaya a waje, wannan sayo shi aka yi a kanti, ko Kano ko wani wuri, kuma doka ta ce yara su ƙera da hannunsu. Wurin ya ɗau gunaguni. Malamin kimiyyarsu ya taso zai yi magana, babban alƙalin gasar ya ce a'a, malami ba ya shaidar ɗalibansa, a bar shugaban ƙungiyar ya yi bayani da bakinsa. Aka miƙa wa yaron nan abin magana.

Ya buɗe baki, in'ina ta kama shi. Harafin farko ya maƙale, ya yi ta maimaituwa, lasifika kuma ta ɗauka ta watsa shi ko'ina cikin ɗakin. Wasu yara kusa da ni suka fara kwaikwayonsa suna dariya. Ɗan Yashe ya kai hannu zai karɓa, alƙalin ya ce shugaba aka ce. Ya sake gwadawa, abin ya fi na farko muni. Sai ya sauke hannunsa ya dubi ƙasa. Na dubi ubansa, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Alƙalin ya jira, sannan ya ce to, in babu bayani, dole a cire su daga gasar. Wato a gaban kakansa da ubansa da makarantun yankin nan duka za a tashi a kan cewa maƙaryaci ne. Ya ɗago kai ya bi jama'a da ido, irin kallon nan da yake yi in ya tsaya a tsakar gida.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na dai ji sunan ya fita, cikakke, yadda liman ya faɗe shi ranar suna, da muryar da nake kiran yara in sun yi nisa a gona. Ashe har takunkumin na janye.

"Buɗe shi ka gwada masu!" na ce. "Fankata ce a ciki! A gidana anka yi shi, da garwashina!"

Alƙalin ya sa hannu a goshi yana hango ni. "Baiwar Allah, ke wace ce?"

"Uwarshi ce. Ni na haihe shi."

Sai da na rufe baki na ji abin da na faɗa. Sannan na ga farin rawanin nan na layin gaba yana juyowa a hankali, har Malam ya sauke idonsa a kaina. Na zauna, na ja hijabi na rufe fuskata gaba ɗaya, na roƙi Allah ya tsaga ƙasa in shige. Goggonsa tana gefena tana mintsinina, jikinta na rawa, ban san ko dariya take ko kuka ba, ina jin duka biyun ne.

Abin da ya biyo baya da kunne na gan shi, don ban sake buɗe fuska ba. Na ji ƙarar sukundireba. Na ji an yi "aaa" da aka cire rigar, daga baya goggonsa ta ce mini cikin duk dunƙulen dalma ne da robar silifa da aka yi matashi da ita, ga moton fanka da 'yar takardar kamfaninsa a manne. Na ji muryarsa ta fara da sarƙewa, ta sake sarƙewa, sannan ta kama hanya. Alƙalin yana tambaya yana ba shi amsa, har ya yi wata magana a kan ƙusa da garwashi da ta sa manyan gaba dariya. Ba a cire su ba. Ba su kuma yi na ɗaya ba, a zagayen ƙarshe Kunkuru ya saki gwangwani a bakin kwando ya gangaro waje, 'yan matan nan masu tafiyar hankali suka cinye. Ni ban tsaya rabon kyauta ba, na ja goggonsa muka sulale ta ƙofar baya.

Kafin in kai Mawashi bidiyon ya riga ni isa. Wani ɗan makaranta ya ɗauka tun daga miƙewata har zamana, ya tura wa wani, wani ya tura wa duniya. Na shiga uku a garin nan. In na je gidan biki, da na yi sallama sai wata ta ce, "Ku ba uwarshi wuri ta zauna." Yara a bakin famfo suna wasa, ɗaya ta ɗaura zane a ka ta miƙe ta ce, "Fankata ce a ciki!" sauran su faɗi ƙasa don dariya. Ƙanwar uwata ta bugo waya daga ƙauyenmu, ba ko gaisuwa, ta ce, "Ashe haka kika koma? Sunan surukinki a bainar jama'a? Mi za mu ce ma mutane?" Na yi kuka ranar, don ita ta yi mini rakiya gidan miji, ita ta yi mini faɗan kunya a kunne. Maigida kuwa sai da aka kwana biyu, yana cin tuwo, bai ɗago ba ya ce, "Ashe kina da murya." Na tashi na bar masa ɗakin.

Gaida Malam da safe kuwa na daina. Abincinsa yara nake ba su kai. In na ji gyaran muryarsa a zaure sai in faɗa ɗaki ko banɗaki, duk wanda ya fi kusa. Da ya ga abin ba mai ƙarewa ba ne sai ya aiko a kira ni. Na je na durƙusa can bakin ƙofa, kaina a ƙasa, na gaishe shi da muryar da ni kaina ban ji ba.

Ya amsa, ya gyara littattafansa, sannan ya ce, "Rabona da in ji an kira sunan ga da ƙarhi haka, tun ina yaro ina gudun karatu, babana na biye da ni da tsumagiya."

Na ƙara dunƙulewa.

"Gaskiya kika shaida, ɗiyata. Mu da muke kusa mun yi shiru, ke da ke nesa kin yi magana. Tashi ki tahi, Allah shi yi maki albarka. Kuma a dawo da gaisuwa, kunun da yaran nan ke kawowa ba ya kai naki zahi."

Na ji daɗin maganarsa, amma ba ta rage mini komai ba. Har yau in na tuna juyowar rawanin nan sai na rufe ido.

Tsakanina da yaron kuwa babu abin da ya sauya a fili. Yaya yake ce mini, yaron nan nake ce masa. Bai ce ya gode ba, ban ce ya yi ƙoƙari ba. Na ɗauka ma kunya na ba shi a gaban abokansa, don ya ƙara yawan sunkuyar da kai in mun haɗu a tsakar gida. Na ce a raina shi ke nan, na zubar da mutuncina, shi ma na zubar masa da nasa.

Bayan an fara ruwa aka yi suna a maƙwabtanmu. Bayan azahar duk matan gida da yara muka tafi, maza suna gona. Sai da na zauna na tuna na bar sabulun barka a kan gado, na tashi na dawo ni kaɗai. Ina shiga tsakar gida na ji muryata tana fitowa daga ɗakin Inna, tana kiran sunan nan. Raina ya ɓaci, na ce yau ko ɗan waye ke yi mini wannan iskanci a cikin gidana sai na ci masa mutunci. Na matsa kusa da ƙofar a hankali.

Ba duk bidiyon ake kallo ba. Farkon kawai, inda na kira sunan. Da an wuce nan sai a tsayar, a mayar baya. Muryata ta sake kira. Sai na ji tasa muryar, ƙasa-ƙasa, ba in'ina ko kaɗan.

"Na'am, Umma."

Aka mayar baya. Na sake kira. Ya sake amsawa.

Na tsaya a wurin, ban san iya daɗewar da na yi ba. Kunyar da na ji a Kankiya wasa ce a kan wadda ta rufe ni a ƙofar ɗakin nan, ni da ake yabo a gari saboda kunya. Gidan babu kowa. Babu Malam, babu goggonsa, babu mai ɗauka da waya. Sunan yana bakina, na haɗa shi, na buɗe baki, labule kaɗai ne tsakaninmu. Ya ƙi fita.

Na yi gyaran murya. Wayar ta yi shiru nan take.

Na ce, "Akwai dambu a ruhe a ɗakina, in ana so."

Ta bayan labule ya amsa.

"To, Yaya."